Zanen Omai: Cinikin da Ya Ci Fiye da Shekara 20 Kafin Ya Faɗa

Lamarin da za a bi diddiginsa a nan ya taso ne a kan zane guda ɗaya, hoton wani saurayi ɗan tsibiran Tekun Fasifik wanda Joshua Reynolds ya zana a Landan wajajen 1776. Ɓangarori uku ne a ciki. Akwai wani attajiri ɗan ƙasar Ailan da ya sayi zanen a gwanjo a 2001, yana son ya tafi da kayansa. Akwai gidajen adana zane na gwamnatin Birtaniya, masu son ya zauna inda jama'a za su gan shi. Sai kuma dokar ƙasar, wadda ke da ikon hana fitar da kaya, amma a lokacin ba ta da ikon sa mai kaya ya sallama.

## Asalin zanen, 1773 zuwa 1792

Sunan saurayin Mai, amma Turawan Ingila suka riƙa kiransa Omai, kuma da wannan sunan aka fi sanin zanen. An haife shi a tsibirin Raiatea a farkon shekarun 1750. Yana yaro mayaƙan tsibirin Bora Bora suka ci ƙasarsu da yaƙi, aka kashe mahaifinsa, aka ƙwace filayensu, shi kuma ya tsere zuwa Tahiti. A Satumban 1773, lokacin tafiya ta biyu da Kyaftin James Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya yi zuwa Tekun Fasifik, ya shiga jirgin ruwa mai suna Adventure a tsibirin Huahine, ƙarƙashin Kyaftin Tobias Furneaux. Ya sauka Ingila a Yulin 1774. Kafin shi babu wani ɗan waɗannan tsibirai da ya taɓa taka ƙasar.

Da ƙafarsa ya shiga jirgin, kuma yana da tasa buƙatar: yana son bindigogi da goyon bayan Turawa don ya ƙwato gadon mahaifinsa. Joseph Banks, masanin tsirrai wanda ya raka Cook a tafiyar farko, shi ya zama mai masaukinsa. Ya kai shi gaban Sarki George na Uku a Kew, aka yi masa lambar rigakafin agana, daga nan gidajen manya suka shiga rububinsa. Shekara biyu ya yi yana zaga liyafa da gidajen wasan kwaikwayo da gidajen gona na masu sarauta.

Reynolds a lokacin shi ne shugaban Royal Academy, ƙungiyar masu zane da aka kafa a 1768, kuma shi ne wanda masu mulki da masu dukiya ke layi a ƙofarsa don ya zana su. Aikinsa na yau da kullum na kwangila ne: a zo, a zauna, a biya, a ɗauki zane. Na Omai kuwa babu wanda ya ba shi kwangilarsa, don kansa ya yi. Ya zana shi a tsaye tun daga kai har ƙafa, da fentin mai a kan ƙyalle mai tsawon santimita 236 da faɗin kusan 146, wato girman da ake keɓe wa sarakuna da janar-janar. Omai na sanye da fararen tufafi masu yalwa da rawani, ƙafarsa babu takalmi, jarfar hannunsa a fili, ya miƙa hannu ɗaya irin tsayuwar gumakan mutanen Rum na dā. A zamanin da jiragen Bristol da Liverpool ke jigilar bayi, baƙar fata ko wankan tarwaɗa a zanen manya yawanci yaro ne a gefe, yana riƙe da linzamin doki ko faranti. A nan shi kaɗai ne a tsakiyar ƙyalle.

An baje zanen a Royal Academy a 1776. A shekarar ce Omai ya bar Ingila tare da Cook a jirgin Resolution. A ƙarshen 1777 aka sauke shi a Huahine, aka gina masa gida, aka bar masa dawakai da bindigogi. Raiatea dai bai ƙwato ta ba, ya rasu wajajen 1780 bai kai shekara 30 ba. Reynolds ya riƙe zanen a ɗakin aikinsa har ya mutu a 1792.

## Shekara 205 a gida ɗaya, 1796 zuwa 2001

A 1796 aka yi gwanjon kayan da Reynolds ya bari. Wani dillali mai suna Michael Bryan ya sayi Omai a kan gini 100, wato fam 105, kuma a shekarar ya wuce hannun Frederick Howard, basarake na biyar da ya riƙe sarautar Carlisle. Aka kai shi Castle Howard, ƙaton gidan danginsu a yankin Yorkshire. Nan ya zauna uba ya bar wa ɗa. Gobarar da ta ci wani ɓangare na gidan a Nuwamban 1940 ba ta taɓa shi ba, kuma bayan an buɗe gidan ga masu yawon buɗe ido a shekarun 1950, duk wanda ya biya kuɗin shiga yana iya ganinsa.

Irin waɗannan gidaje suna cin kuɗi ƙwarai wajen gyara da haraji, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 sayar da zane ya zama hanyar da masu su ke bi. A 2001 aka kai Omai kasuwa.

## Gwanjo da doka, Nuwamba 2001

Kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da zanen a Landan a Nuwamban 2001 a kan fam miliyan 10.3 har da la'ada. Wani dillali ne ya taya, daga baya aka san cewa zanen ya koma hannun attajirin nan ɗan Ailan, wanda ya yi suna a harkar kiwon dawakin sukuwa.

Sai an fahimci dokar kafin a fahimci abin da ya biyo baya. A Birtaniya, kayan tarihi ko na fasaha da ya haura shekara 50, kuma darajarsa ta wuce wani adadi, ba ya fita sai da lasisi. Akwai kwamitin masana da ke auna shi da tambayoyi uku, waɗanda aka samo daga rahoton kwamitin Waverley na 1952. Shin yana da alaƙa ta ƙut da ƙut da tarihin ƙasar? Shin kyansa ya fita daban? Shin yana da babban muhimmanci ga masu nazari? Idan ya ci ko da ɗaya, minista na iya jinkirta lasisin na wasu watanni, domin a ba wani a cikin ƙasar damar taya shi a kan farashin da aka amince. In ba a sami mai saye ba, sai a ba da lasisi kaya ya tafi. In an samu amma mai kaya ya ƙi sallamawa, sai a hana lasisi. A lokacin, iyakar hukuncin ke nan: kaya na nan a hannun mai shi, fita ce kawai ba zai yi ba.

## Yunƙuri na farko, 2002 zuwa 2003

A 2002 aka nemi lasisin fitar da zanen, an sa masa fam miliyan 12.5. Kwamiti ya ce ya cancanci a riƙe shi, gwamnati ta jinkirta lasisin. Gidan adana zane na Tate ya fito neman kuɗi. Ana cikin haka, a farkon 2003, wani mai alheri da ya nemi a sakaya sunansa ya ɗauki nauyin kuɗin gaba ɗaya, fam miliyan 12.5 daga aljihu guda. Jaridu suka yi ta shelar cewa an ceto Omai.

Tate ta kai tayi, mai kaya ya ce albarka. Gwamnati ta yi abin da doka ta tanada, ta hana lasisi. Kyautar mai alherin ta tashi, tunda don wannan zanen aka yi ta. Shi kuma Omai ya shiga wani hali: mai shi ba zai iya kai shi gidansa a Ailan ba, jama'ar Birtaniya kuma ba su da ikon ganinsa.

## Aro da ma'ajiya, 2005 zuwa 2021

Abu na biyu da aka gwada shi ne sulhu ta hanyar aro. A 2005 attajirin ya bari aka nuna zanen a wani bajekolin ayyukan Reynolds a Tate Britain. Bayan nan gwamnati ta ba da lasisin wucin gadi, aka kai shi babban gidan adana zane na ƙasar Ailan a Dublin, ya yi kimanin shekara shida a can. A 2011 ya dawo Ingila, ya shige ma'ajiya. Daga 2005 har 2023 babu wani gidan kallo a Birtaniya da ya rataye shi.

A cikin waɗannan shekaru an sake yin irin wannan turka-turka har sau biyu a kan wasu zane-zane, kuma ɗaya daga ciki ya shafe mu kai tsaye. Shi ne hoton Ayuba Sulaiman Diallo, Bafillace malami ɗan ƙasar Bundu a Senegal ta yau. Ya je fatauci bakin Kogin Gambiya, har da bayi a cikin hajarsa, sai shi ma aka kama shi aka sayar, ya tsinci kansa a gonar taba a Maryland. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin 'yancinsa. A Landan, a 1733, William Hoare ya zana shi da rawani da farar riga, Alƙur'ani rataye a wuyansa, kafin ya koma gida a 1734. Zanen ya daɗe a hannun wani dangi, aka yi gwanjonsa a Christie's a Disamban 2009, hukumar gidajen tarihi ta Katar ta saya. Aka jinkirta lasisi, National Portrait Gallery ta Landan ta yi gangamin tara fam dubu 554 da ɗoriya a 2010. Katar ta ƙi sayarwa, amma a farkon 2011 ta yarda ta ba da aronsa. Yana rataye a Landan, mallakarsa na Doha.

Na biyun hoton wani saurayi ne mai jar hula na Pontormo, mai zane ɗan Italiya. National Gallery ta haɗa fiye da fam miliyan 30 a 2016, amma Ba'amurken da ya saye shi ya ƙi karɓa, saboda darajar fam ta faɗi bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Bayan irin waɗannan ne gwamnati ta gyara ƙa'ida: daga Janairun 2021, mai kayan da ya yarda a shiga zagaye na biyu na tara kuɗi sai ya sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗaure shi ya sayar idan kuɗin sun cika.

## Yunƙuri na biyu, Maris 2022 zuwa Afrilu 2023

An sake neman lasisin fitar da Omai, wannan karon an sa masa fam miliyan 50. A Maris 2022 ƙaramin ministan al'adu, Lord Parkinson, ya jinkirta lasisin zuwa 10 ga Yuli. Kafin wannan, zane ɗaya ne kawai ya taɓa kai wannan adadi a tarihin dokar, wani aikin Picasso na yaro riƙe da kurciya, kuma shi ba a sami mai saye ba, ya bar ƙasar a 2013.

National Portrait Gallery ce ta shige gaba, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Nicholas Cullinan, tare da Art Fund, ƙungiyar da ke taimaka wa gidajen kallo da kuɗin sayen zane. Aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Maris 2023. Lokacin bai zo da sauƙi ba. Gidan kansa a rufe yake tun 2020 ana yi masa kwaskwarimar da ta ci kusan fam miliyan 41, wato zane ɗaya ya fi gyaran ginin duka tsada. Hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 11 cikin ɗari a Oktoban 2022, mutane na fama da kuɗin wuta da na abinci. Wasu sun fito fili sun ce farashin ya yi yawa, wasu suka ce bai dace a tara wa attajiri irin wannan riba da kuɗin jama'a ba.

Duk da haka an samu. Asusun National Heritage Memorial Fund, wanda gwamnati ke zuba wa kuɗi don ceto kayan tarihi, ya ba da fam miliyan 10. Art Fund ta ba da miliyan 2.5, tallafi mafi girma da ta taɓa bayarwa tun kafa ta a 1903. Wasu gidauniyoyi da attajirai suka kawo nasu, mutane fiye da 2,000 suka ba da abin da ya sawwaƙa. Da wa'adi ya ƙarato, abin da aka haɗa ya tsaya a wajen rabi. Alamu sun nuna ba za a taɓa kai wa miliyan 50 ta wannan hanya ba.

Nan aka juya ga Getty, gidan adana zane na Los Angeles a Amurka, ɗaya daga cikin mafiya kuɗi a duniya. Wanda ya san tarihin wannan harka zai ga girman juyin, domin Getty ita ce aka saba tarewa. A 1994 an hana ta tafiya da sassaƙen Canova na 'yan mata uku, gidajen kallo biyu na Landan da Edinburgh suka haɗa kuɗi suka saya. A 2004 an sake hana ta wani ƙaramin zanen Raphael. Haɗa kuɗi a raba mallaka ba sabon abu ba ne: Landan da Edinburgh sun yi haka a kan wani zanen Titian a 2009, shi ma fam miliyan 50, Faransa da Holan kuma sun yi a kan zane biyu na Rembrandt a 2016. Abin da ba a saba gani ba shi ne a raba kayan da aka hana fita da baƙon da zai fitar da shi rabin lokaci.

Gwamnati ta ƙara wa'adi na uku zuwa 10 ga Yuni. A ƙarshen Maris aka bayyana shirin haɗin gwiwa, ranar 25 ga Afrilu 2023 aka sanar cewa ciniki ya faɗa. Kowane ɓangare ya biya fam miliyan 25, mallaka rabi da rabi, zanen zai riƙa raba zamansa tsakanin ƙasashen biyu.

## Bayan ciniki

Ranar 22 ga Yuni 2023 National Portrait Gallery ta sake buɗe ƙofarta, Omai na rataye, an dawo masa da sunansa na asali a jikin allon bayani, shiga kuma kyauta ce. An tsara masa zagaye zuwa Bradford da Cambridge da Plymouth, tashar da ya bar Ingila daga cikinta a 1776, kuma kusa da garin da aka haifi Reynolds. Zuwansa Los Angeles na farko an sa shi a 2026, zai kasance can lokacin gasar Olamfik ta 2028.

## Abin da ya faɗi da abin da ya ci

Yunƙurin farko bai faɗi don rashin kuɗi ba, kuɗin na hannu cif. Ya faɗi ne domin hana lasisi bai cutar da mai kaya yadda aka zata ba. Mutumin da ke da fam miliyan 10 na sayen zane yana da halin jira, kuma kowace shekara kayansa ƙara daraja yake yi a ma'ajiya. Wanda jiran ya cutar shi ne ɗalibi da mai nazari da ɗan kallo. Ban ga laifin da za a ɗora wa attajirin ta fuskar doka ba: a gwanjo ya saya a bainar jama'a, kuma ƙa'idar lokacin ta ba shi damar ƙin sayarwa. Ɓarakar a ƙa'idar take, kuma abin takaici ne a ce sai da aka yi kusan shekara 18, aka maimaita a kan Diallo da Pontormo, sannan aka toshe ta.

Aron da aka yi wa Dublin ya sanyaya rigimar, amma bai taɓa tushenta ba. Ya ma nuna cewa zanen na iya yin shekaru a waje ba tare da komai ya lalace ba, abin da ya raunana hujjar masu cewa dole ya zauna daram a Birtaniya.

Yunƙuri na biyu ya ci ne saboda an biya mai kaya abin da ya nema ba ragi, an ba da lokaci har wata 13, kuma an yarda a sauka daga matsayin "namu ne duka ko a fasa". Ranar sake buɗe National Portrait Gallery ta ba masu tara kuɗi abin nunawa. Akwai kuma sauyin da ba ya cikin lissafin kuɗi. A 2003 an fi kallon zanen a matsayin gwanintar Reynolds. A 2022 ana kallonsa a matsayin hoton Mai, mutum mai tarihi da manufa, a ƙasar da ta fara tambayar kanta su wane ne ke rataye a bangon gidajen tarihinta, su wane ne babu. Wannan ya buɗe aljihun da dā ba zai buɗu ba.

Tsadar jinkirin kuwa a fili take. A 2003 fam miliyan 12.5 za su sayi zanen duka, kuma kyauta ce daga mutum ɗaya. A 2023 ɓangaren Birtaniya ya biya ninkin wannan don ya sami rabi, miliyan 10 daga ciki kuɗin gwamnati. Ko an cire faɗuwar darajar fam a shekara 20, hasarar na nan.

Duk da haka ina ganin an yi daidai da aka karɓi rabin. A dubi Diallo: ana ganinsa a Landan ne bisa yardar masu shi, kuma abin aro ranar da mai shi ya so zai karɓa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Rabin Omai mallakar jama'a ne, ɗaya rabin yana hannun gidan da shi ma shigarsa kyauta ce, don haka ba zai sake komawa ma'ajiyar wani mutum ɗaya ba.

Inda ban gamsu ba shi ne wurin mutanen Mai. Raiatea da Huahine yau suna cikin yankin Folinesiya da ke ƙarƙashin Faransa, kuma ba su cikin masu mallaka, ba su cikin jerin wuraren da aka ambata zanen zai je. Los Angeles ta fi Landan kusa da su, akwai jirgi kai tsaye daga Tahiti, amma kuɗin tikitin ba na kowa ba ne. Gidan tarihin Tahiti ya sake buɗewa a 2023 bayan gyara, kuma British Museum ta riga ta ba shi aron wasu tsofaffin kayan tsibiran. Hanyar aro a buɗe take ke nan, kuma masu zanen biyu suna da kuɗi da ƙwararrun da za su kai shi can na wasu watanni.